Wace Gardama Ƙuri'ar Ta Raba?

Da azumi a bakinmu labarin ya iso Zariya. Ranar Alhamis 23 ga Yunin 2016 mutanen Birtaniya suka kaɗa ƙuri'a, mu kuma muka ji sakamako da safiyar Juma'a, bayan sahur da asuba, a daidai lokacin da mutum ke shawara tsakanin komawa barci da kunna rediyo. Ni rediyon na kunna. Mai labarai ya ce Birtaniya ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, kafin hantsi ya ɗaga kuma Firaminista David Cameron ya fito ƙofar gidan gwamnati ya ce zai sauka.

A gaskiya ba Birtaniya ce a gabanmu ba a wannan makon. Ranar Litinin ɗinsa Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga 197 ta doshi 280. Litar fetur ta koma naira 145 tun watan Mayu. Tsutsa ta cinye gonakin tumatir, gidaje da yawa sun koma miya da kauɗa. Duk da haka, da muka zauna a majalisarmu ta Tudun Wada bayan tarawihi, zancen Turawa aka yi. Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda kowa ke kira Baba domin ya haifi yawancinmu. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ikon Allah. Waɗanda suka ɗaure mu da igiya ɗaya a 1914 suka ce dole mu zauna tare, yau su ne ke kiran araba." Aka kwashe da dariya. Wani matashi ya ce, "Baba, ni fa sun burge ni. Ba bindiga, ba gora. An tambayi jama'a, sun ba da amsa, magana ta ƙare. Mu ma a yi mana haka kowa ya huta." Baba ya dube shi ya ce, "Allah ya ba mu yawan rai, yaro," ya ci gaba da shan shayinsa.

Wannan "magana ta ƙare" ita ce ban yarda da ita ba a daren, kuma abin da ya biyo baya bai ba ni dalilin sauya ra'ayi ba. Bahaushe ya raɗa wa irin wannan zaɓe suna mai daɗi, ƙuri'ar raba gardama, wato a ƙirga kawuna, a ga inda rinjaye yake, kowa ya kama gabansa. Sunan ya yi alkawarin abin da ƙuri'ar ba ta iya cikawa idan maganar rabuwa ake yi. A Birtaniya, kafin a yi ta, Tarayyar Turai abu ce da 'yan siyasa da 'yan jarida ke ta da jijiyar wuya a kai, talaka kuwa ya fi damuwa da asibiti da albashi. Bayan an yi ta, sai kowa ya sami sabon suna, ko ɗan fita ko ɗan zama, sunan kuma ya bi shi har cikin ɗakinsa.

A dubi lissafin. Masu son fita sun sami kashi 51.9 cikin ɗari, mutum miliyan 17.4. Masu son zama sun sami kashi 48.1, mutum miliyan 16.1. Kashi 72 na masu rajista suka fito, wanda ba ƙaramin fitowa ba ne. Amma da aka shimfiɗa sakamakon a kan taswira sai aka ga ƙasa huɗu a cikin riga ɗaya. Ingila da Wels sun ce a fita. Sikotland ta ce a zauna da kashi 62. Ayalan ta Arewa ta ce a zauna da kusan kashi 56. Birnin Landan, wanda ke tsakiyar Ingila a zuciya ko da ba a taswira ba, ya ce a zauna da kusan kashi 60. Yawancin matasa sun so zama, yawancin tsofaffi sun so fita, har jikoki suka riƙa cewa kakanninsu sun yanke musu hukuncin rayuwar da ba su za su yi ba. Mutumin Sikotland kuwa yana da nasa ƙorafin daban. Shekara biyu kacal kafin nan, a 2014, an tambaye shi ko zai bar Birtaniya, kashi 55 suka ce a'a, kuma cikin abubuwan da aka tsorata shi da su har da cewa idan ya ɓalle zai rasa kujerarsa a Tarayyar Turai. Ya zauna, aka fitar da shi ta ƙofar da bai zaɓa ba.

Ina da ƙani a can, ma'aikacin jinya ne a wani gari a tsakiyar Ingila, matarsa kuma tana koyarwa. Mutane da yawa a nan ba su san cewa ɗan Najeriya mai zaune a Birtaniya bisa ƙa'ida ya sami damar kaɗa wannan ƙuri'a ba, saboda muna cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, alhali Bafaranshe ko ɗan Polan da ya shekara ashirin a Landan, wanda shi ne abin ya fi shafa, bai samu ba. Ƙanina ya zaɓi fita. Matarsa ta zaɓi zama. Da na kira shi ranar Asabar ya ce min, "Yaya, kai ba ka san abin da muke gani ba. Mutum ya zo daga gabashin Turai ba ya jin Turanci, ya shigo da katin shaida kawai ya kama aiki. Ni da na yi karatu da harshensu, kakana ya yi musu yaƙin Bama, sai na biya kuɗin biza, na biya na lafiya, na yi jarrabawa. A rufe musu ƙofa a buɗe mana." Ina jin muryar matarsa daga nesa tana cewa, "Gaya wa Yaya waɗanda kuka yi layi ɗaya da su. Su Baturen Polan suke ƙi, kai kuma suna sonka ko?" Sati biyu suka yi ba a kallon labarai tare a gidan.

A wannan gida ɗaya na ga ainihin cutar. Takardar ƙuri'ar tambaya ɗaya ta yi: a zauna ko a fita. Zama abu ne sananne, kowa ya san kamanninsa, tun 1973 suke ciki. Fita kuwa jaka ce da kowa ya zuba nasa burin. Ƙanina ya zuba buɗe ƙofa ga 'yan Afirka da Indiya. Maƙwabcinsa Bature ya zuba rufe ƙofa ga kowa da kowa. Masunci ya zuba kifi, attajiri ya zuba sassaucin dokoki, ɗan ƙwadago ya zuba kare masana'antu daga gasa, wanda kishiyar abin da attajirin ke so ne. Dukansu aka ƙirga su a matsayin murya ɗaya. Ranar da aka zo buɗe jakar aka ga babu wata siga ta fita guda ɗaya da miliyan 17 ɗin nan suka yarda da ita.

Mu da muka tashi a gidajen da ake aure ake saki mun san wannan. Furta saki ba ya ɗaukar minti guda. Abin da ke cin shekaru shi ne wa zai riƙe yara, wa zai ciyar, kayan ɗaki na waye, bashin da aka ci tare wa zai biya. Shi ya sa shari'a ba ta bar abin a hannun fushin yini ɗaya ba. Ta sa a yi ɗaya-ɗaya, ta sa idda, ta bar ƙofar kome a buɗe, malamai kuma suka kira saki uku a zama ɗaya bidi'a. Birtaniya saki uku ta yi a zama ɗaya, sannan ta zauna tambayar ina yara za su kwana.

Yaran a nan su ne mutanen Ayalan ta Arewa. Ita kaɗai ce ke da iyaka ta ƙasa da wata ƙasar Tarayyar Turai, wato Jamhuriyar Ayalan. An shafe kusan shekara talatin ana zubar da jini a yankin kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998, kuma wani ɓangare na abin da ya kwantar da wutar shi ne iyakar ta zama kamar babu ita: mutum ya kwana a wannan ƙasa ya yi aiki a waccan, madara ta tsallaka a mota ba mai tsayar da ita. Idan Birtaniya ta fita daga kasuwar bai-ɗaya ta Tarayyar Turai, inda kaya ke tsallaka iyaka ba bincike, dole a duba kaya a wani wuri. A kan iyakar? Masu son haɗewa da Jamhuriya ba za su yarda ba. A teku, tsakanin yankin da sauran Birtaniya? Masu biyayya ga sarautar Ingila za su ce an sayar da su. Wannan tambaya ba ta sami wurin kirki a yaƙin neman ƙuri'a ba, amma ita ta cinye shekarun da suka biyo baya. A ƙarshe tekun aka zaɓa, gwamnatin yankin ta tsaya cak daga 2022 zuwa 2024 saboda fushin hakan.

Abin da ya sami wuri shi ne wata jar bas da aka rubuta wa cewa Birtaniya na aika wa Tarayyar Turai fam miliyan 350 duk mako, gara a zuba kuɗin a asibitocin gwamnati. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce adadin yaudara ne, domin bai cire rangwamen da ake yi wa Birtaniya ba, balle kuɗin da ke dawo mata. Da gari ya waye bayan nasara, aka tambayi Nigel Farage, ɗaya daga cikin jagororin masu son fita, a talabijin, ya ce alkawarin kuskure ne, shi kuma ba shi ya yi ba. Ɗaya ɓangaren ma ba waliyyai ba ne. Sun yi ta kururuwar cewa tattalin arziki zai kife nan take. Fam ya faɗi ƙasa warwas a daren, zuwa inda bai taɓa kaiwa ba tun 1985, amma sama ba ta faɗo ba, mai son fita kuma ya riƙe wannan a matsayin hujjar cewa duk abin da masana suka faɗa tatsuniya ce. Mu 'yan Najeriya ba baƙin alkawarin kamfe ba ne. Bambancin shi ne wanda ya yaudare ka ya zama gwamna, bayan shekara huɗu kana iya rama wa kura aniyarta. Wanda ya yaudare ka ka fita daga tarayya ya bar ka da abin da jikanka zai gada.

Kada a ɗauka ina cikin masu cewa waɗanda suka zaɓi fita jahilai ne. Wannan magana ita ce babban zunubin waɗanda suka faɗi, kuma ita ta hana raunin warkewa. Cikin kwanaki kaɗan sama da mutum miliyan huɗu suka sa hannu a takardar neman a sake ƙuri'a. Aka cika kafafen sada zumunta da zagin tsofaffi da mutanen ƙauye da waɗanda ba su yi jami'a ba. Ni da nake zaune kusa da Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, na san wannan murya, muryar mai digiri da ya ga talaka ya zaɓi abin da bai so ba. Amma a je garuruwan arewacin Ingila da aka rufe ma'adinan kwal da masana'antun ƙarfe da na jiragen ruwa, aka bar su da shagunan caca, sannan gwamnatin Cameron ta zo ta shekara shida tana tsuke bakin aljihu. Wanda ya taɓa bi ta Kakuri a Kaduna ya ga masaƙun da suka zama kufai, ya ga dattijon da ya yi shekara ashirin a kan injin saƙa yau yana tuƙa Keke Napep, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ka je wa irin wannan mutum ka ce masa idan ya zaɓi kaza arzikin ƙasa zai ragu, sai ya tambaye ka arzikin wa. An ba shi sanda sau ɗaya a rayuwarsa, manya duka sun jeru a gefe guda suna roƙonsa kada ya yi duka, ya kuwa ɗaga ya maka. Ko Tarayyar Turai ce ta rufe masa masana'anta ko ba ita ba ce, wannan bai dame shi ba a ranar.

Wani abin dariya a nan, takardar neman sake ƙuri'ar nan wani mai son fita ne ya buɗe ta tun kafin zaɓe, yana zaton su za su faɗi. Shi ma Farage ya faɗa tun a watan Mayu cewa idan masu son zama suka ci da 52 da 48 to magana ba ta ƙare ba. Da lissafin ya juyo ta wajensa da wannan adadin daidai, sai ya zama muryar jama'a wadda ba a taɓawa. Kowane ɓangare ya shiga fili da niyyar karɓar hukunci idan ya yi masa daɗi.

Sauran labarin na wahala ne, ba sai na ja shi ba. Cameron, wanda ya yi alkawarin ƙuri'ar a 2013 don ya rufe bakin 'yan jam'iyyarsa da ke damunsa, shi ya fara tafiya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Theresa May ta gaje shi, ta miƙa takardar fita a Maris 2017, ta kawo yarjejeniya majalisa a Janairun 2019 aka kayar da ita da ƙuri'a 432 da 202, aka sake kayarwa har sau biyu, ta sauka da hawaye. Boris Johnson ya zo ya rufe majalisa, kotun ƙoli ta ce ya saɓa doka. Sai da aka yi babban zaɓe biyu kafin a fita a 31 ga Janairun 2020, shekara uku da rabi bayan ranar da matashin majalisarmu ya ce magana ta ƙare. Shi kuma "ba bindiga" ɗin da ya faɗa bai cika daidai ba: mako guda kafin ƙuri'ar wani mai tsattsauran ra'ayi ya harbe 'yar majalisa Jo Cox, mai goyon bayan zama, ya daba mata wuƙa a kan titi a mazaɓarta. Ta bar yara biyu ƙanana.

Ƙanina fa, ya sami abin da ya nema? Ya samu, na ɗan lokaci. Daga 2021 aka daidaita Baturen Turai da kowa wajen biza, asibitoci da gidajen kula da tsofaffi suka rasa ma'aikata, aka buɗe ƙofa, 'yan Najeriya da Indiyawa suka yi ta kwarara. Yawan baƙin da ke ƙaruwa a ƙasar a shekara, wanda yake wajen 330,000 lokacin ƙuri'ar har ake ta ihu a kai, ya ninka fiye da sau biyu. Maƙwabcinsa da ya zaɓi fita don a rage baƙi ya ga an gudu ba a tsira ba, fushinsa ya ƙaru, kuma yanzu ba ɗan Polan yake harara ba. A 2024 aka hana yawancin ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalansu. Matar ƙanin nawa ba ta ce komai ba, in ji shi, kallonsa kawai ta yi, kuma ya fi son da ta yi maganar.

Abin da ya sa na damu da duk wannan ba ƙaunar Ingila ba ce. Kiran "a yi mana ƙuri'ar raba gardama" ya zama waƙa a ƙasar nan. Masu fafutukar Biyafara suna yi, masu neman ƙasar Yarbawa suna yi, a 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka taru a Kaduna suka ba Inyamurai wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, daga baya suka janye. Duk lokacin da aka yi rabon muƙamai ko aka taɓa maganar haraji sai ka ji wani a bakin mai shayi yana cewa a raba kowa ya huta. Ni tambayata gare shi ƙarama ce. A ina za a ja layin? Ɗan kasuwar da aka haifi ubansa a Sabon Gari, yana da shago da gida da kabarin kakansa a nan, yana jin Hausa fiye da harshen garin da ake cewa nasu, zai kaɗa ƙuri'a a ina, kuma washegari shi ɗan ƙasa ne ko baƙo? Bahaushen da ke sayar da albasa a Mile 12 a Legas, ko shanu a Fatakwal, fa? Idan Arewa ta ce a fita da kashi 52 amma kudancin Kaduna da Filato da Binuwai suka ce a'a da kashi 80, za mu ja su kamar yadda aka ja Sikotland, ko za mu bar su su yi tasu ƙuri'ar? Idan an bar su, ƙauyen da rabinsa masallaci rabinsa coci fa? Ta wace tashar ruwa takin zamani zai shigo? Bashin da ke kan ƙasa, wa zai ɗauki nawa? Birtaniya tsibiri ce, tana da kuɗinta na kanta, da sojanta, da kotunan da ake jin maganarsu, iyaka ɗaya tak ta kusa gagarar ta. Mu kowane gari iyaka ne.

Kuma ba sai mun je Turai neman darasi ba, mun taɓa yi a gida. A Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'a a yankin Kamaru da ke hannun Ingila. Arewacinsa ya zaɓi Najeriya, ya zama lardin Sardauna. Shi ya sa yau Mubi da Gwoza da tsaunin Mambila suke namu. Kudancinsa ya zaɓi Jamhuriyar Kamaru. Zaɓi biyu aka ba su, ko nan ko can, ba a sa na uku ba, wato su tsaya da ƙafarsu. Fiye da shekara hamsin bayan haka jikokin waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar a kudu suka ɗauki makami a kan tambayar da ba a yi wa kakanninsu ba, 'yan gudun hijirarsu suka cika Kuros Riba da Binuwai da Taraba. Sudan ta Kudu kuma ta nuna ɗaya fuskar. A Janairun 2011 kusan kashi 99 suka zaɓi ɓallewa, babu wanda zai ce rinjayen bai isa ba. Amma ba a gama maganar yankin Abyei ba, ba a gama ta kuɗin bututun mai ba, ba a kuma tambayi yadda su kansu za su zauna da juna ba. A Disambar 2013 suka juya bindiga a tsakaninsu.

Za a ce min, to Malam, kana nufin kada a tambayi jama'a ke nan? A bar manya su yanke? A'a. Muna kallo Nijar da Mali da Burkina Faso suka bar ECOWAS, ƙungiyar da aka kafa da su tun 1975, sojoji suka sanar a talabijin, ba a tambayi mai kai albasa daga Galmi ko mai sayo shanu a Maraɗi ba. Wannan bai fi ba, ya ma fi muni. Abin da nake cewa shi ne idan za a tambaya a yi tambayar gaskiya. A fara zama a rubuta sharuɗɗan rabuwa, iyaka da bashi da matsayin wanda ya kwana a ɓangaren da ba nasa ba, sannan a kawo wa jama'a takardar su gani su ce e ko a'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kuma sa shinge mai tsayi tun kafin a fara, kowa ya sa hannu ya yarda da shi. Da Montenegiro za ta rabu da Sabiya a 2006 an yarda tun farko sai an kai kashi 55, aka sami 55.5, wanda ya faɗi bai ji daɗi ba amma ya san da ƙa'idar ya shiga. Kundin tsarin mulkinmu na 1999, duk da zagin da yake sha, ya fi Ingila hankali a nan: ko jiha za a ƙirƙira sai kashi biyu cikin uku na mutanen yankin sun amince a ƙuri'a, bayan wasu matakan a majalisu. Masu neman jihar Gurara sun san tsayin wannan katanga. Turawan da suka koya mana aikin ofis kuwa suka warware zaman shekara arba'in da uku da rinjayen da bai kai kashi huɗu ba, a ƙuri'ar da a doka ma shawara ce kawai.

Na san akwai raunin da ke cikin maganata. Shinge mai tsayi yana fifita wanda ke son a bar abu yadda yake, kuma sau da yawa wanda ke son a bar abu yadda yake shi ne mai cin moriyarsa. Idan kashi 54 suka ce sun gaji aka ce musu bai isa ba, su ma ba za su yi shiru ba. Na yarda. Sai dai wanda aka hana fita bana yana iya sake nema baɗi. Wanda aka fitar, komawa ba a hannunsa take ba, sai ƙasashe 27 sun yarda, kuma ba da sharuɗɗan da ya bari ba.

Sai bayan shekaru na fahimci shirun Baba a daren nan. Wata rana muna zaune mu biyu, ana jiran la'asar, na tuna masa maganar araba. Ya ce yana saurayi a 1966, sabon ɗauka a reluwe, lokacin da Ironsi ya soke tsarin yankuna da dokar soja a watan Mayu, ɗalibai suka fito zanga-zanga a nan Zariya, kalmar ta bazu a gari. "Ni ma na faɗe ta," ya ce, "da ƙarfi kuwa. Daɗin faɗa gare ta." Ya ce wanda ya koya masa aiki Inyamuri ne, mutumin da ke raba abincinsa biyu ya ba shi rabi. Bayan kashe-kashen da aka yi a wannan shekara, shi da kansa ya taya shi ɗora akwati a jirgin da zai kai su gabas, mutumin ya ba shi makullin ɗakinsa na Sabon Gari ya ce ya riƙe masa, zai dawo idan ƙura ta lafa.

Na ce, "Baba, ya dawo?"

Ya ce makullin yana nan a cikin adakarsa. Ladan ya kira salla, ya jawo butarsa.